Manthati, Mai Zaunar da Mutane da Waƙa

Duk wanda ya san Mme Manthati, wato Uwa Manthati, a da, in ya gan ta yanzu da safe tana gangarowa hanyar kamfanonin ɗinki na Maputsoe, sai ya sake duba. Matar da ta yi shekaru tana tafiya kai a sunkuye, yau ita ce ke tsayawa wajen mai fanke tana tsokanar 'yan mata. Bargon da ke kafaɗarta ma ba wanda muka saba gani ba ne. Wani tsohon ruwan ƙasa ne na marigayi mijinta, ya sha wanki har ya koɗe. Na jam'iyya, mai hoton fitila a baya, an zo an karɓe. In ka yi mata jaje sai ta yi dariya ta ce, "Jajen me? Tun da suka ɗauke abin nan wuyana ya daina ciwo."

A kan duwatsun bayan Pitseng aka haife ta, gidan masu kiwon tumaki. Ntsoaki ne sunanta na yarinta. Ranar da aka kai ta gidan miji surukai suka yanka tunkiya bisa al'adarmu suka raɗa mata Manthati, daga nan kuwa ba wanda ya ƙara kiranta da na farkon. Muryarta tun tana ƙarama aka san ta. In tumaki suka ɓace a hazo, ita ake sawa ta hau dutse ta kira yayyenta, har mutanen ƙauyen tsallaken kwari su amsa mata da cewa sun ji, ta yi haƙuri haka nan.

Mijinta, Pheko, haƙar zinariya yake yi a tsallaken iyaka, sai Kirsimeti ake ganinsa. Da ya dawo gaba ɗaya, da tari ya dawo, irin wanda ba ya barin mutum. Suka sauko Maputsoe don kusa da asibiti, ita kuma ta samu aiki a kamfanin ɗinka wandon jins. Aljihun baya aka ba ta. Ta fi shekara ashirin tana ɗinka aljihun baya, na dama da na hagu, ba ta taɓa ganin wando ɗaya da ta yi ya kammala a hannunta ba.

Pheko ne ya fara shiga jam'iyyar nan mai alamar fitila, tun tana taro a gindin bishiya ba kujera ko ɗaya. Ita rakiya take yi masa, don ba ya iya doguwar tafiya sai da mai riƙe shi. A wajen rakiyar aka ji muryarta, aka ba ta aikin da ba a zaɓen mutum a kai, wato ɗaga waƙa.

Mutanenmu dai akwai son magana. Dattijo zai tashi a jana'iza ko a taro ya ce kalma biyu zai yi, rana ta karkata yana kan ta farko. Ba a kama babba a ce masa zauna. Sai wata mace daga cikin taro ta ɗaga waƙar coci a hankali, mata su amsa, maza su ɗora kaurin murya a ƙasa, mai magana ya ga bakinsa na motsi amma ba mai jinsa. Sai ya cire hula, ya ɗan rera tare da mutane, ya zauna. Ba a zage shi ba, kuma ba shi da wanda zai kai ƙara. Wa zai yi faɗa da waƙar coci? Amma abin ba na kowace mace ba ne. In kika ɗaga ta sama da yawa, mutane ba za su iya kamowa ba, waƙa ta mutu a bakinki, ki yi mako ba ki iya haɗa ido da kowa ba. Ta Manthati ba ta taɓa mutuwa ba. Ta san daidai inda muryar tsohuwa da ta yarinya da ta mashayi za su haɗu, a nan take ajiye ta.

Da Pheko ya rasu, jam'iyya ta yi masa abin da har yau ake labari a ƙauyensu. Aka lulluɓe akwatinsa da tuta. Matan jam'iyya, kowacce da bargonta mai fitila, suka jeru dama da hagu tun daga ƙofar gida har bakin kabari, waƙa ba ta yanke ba. Manthati tana zaune a katifar makoki, lulluɓe, ta ji duka. Tun ranar ta sa a ranta cewa ita ma haka za a kai ta. 'Yarta ɗaya ce, Nthati, tana aikatau a Bloemfontein, can tsallaken iyaka, sai shekara-shekara. Dangin miji sun watse. Manthati ba ta tsoron mutuwa ko kaɗan. Abin da take tsoro shi ne a kai ta shiru, fasto da masu haƙa kabari kawai, ita da ta rera wa rabin garin nan. Matan jam'iyya su ne za su rera mata, kuma su kaɗai take da su.

Da fari mashaya da tsofaffi masu dogon zance take zaunarwa. Da jam'iyya ta yi ƙarfi sai abin ya sake salo. Ntate Ralebitso, wato Baba Ralebitso, sakataren jam'iyya na gunduma, wanda ta sani tun yana malamin firamare mai kwat ɗaya, ya ɓullo da wata alama: in ya taɓa hularsa, ta ɗaga. Ta zaunar da mai tambayar ina hanyar da aka yi alkawari. Ta zaunar da mai tambayar ina famfo. Tana gaya wa kanta cewa taro yana son tsari, amma a kan hanyar gida ba ta iya kallon waɗanda ta zaunar.

Zaɓen da ya wuce, jam'iyya ta zo ƙofar kamfanoni ta yi rantsuwa za ta ɗaga albashin masu ɗinki. Manthati ta hau bayan mota ta rera har murya ta dishe, mata suka fito tun duhun asuba suka jefa wa fitila ƙuri'a. Jam'iyya ta shiga gwamnati. Daga nan shiru kake ji. Ntate Ralebitso ya samu mota mai baƙin gilashi, ya ajiye tumbi, ya koyi cewa "ana kan dubawa." An ci moriyar ganga ke nan, an yar da kwaurenta. Garin masara ya tashi, kananzir ya tashi, kuɗin mota ya tashi, albashi yana nan inda kakarsa ta bar shi. Da sanyin Yuni ya shigo, dusar ƙanƙara ta rufe duwatsu, mata suka kashe kekunan ɗinki suka fito yajin aiki. Manthati ma ta fito, don ba ta taɓa shiga ƙofar da 'yan'uwanta suka tsaya a waje ba. Masu kamfani suka kori wasu. Cikin korarrun har da Tebello, wata siririyar yarinya daga sashen guga, wadda matan suka sa a gaba ta riƙa magana da yawunsu.

Jam'iyya ta kira taro ranar Lahadi bayan coci, a filin ƙwallo, wai za ta saurari ma'aikata. Ranar Asabar da hantsi sai ga motar baƙin gilashi a jerin ɗakunan hayar su Manthati.

"Mme Manthati, uwarmu!" in ji Ntate Ralebitso daga ƙofa, da kaza a leda. "Ashe ɗakin nan yana nan yadda na san shi."

"Da me zai canja, Ntate? Kai ne dai ka canja. Shigo a karkace, ƙofar ba ta saba da manya ba."

Ya yi dariya, ya zauna a kujerarta ɗaya tilo, ita ta zauna a bakin gado. Ya tambayi Nthati, ya tambayi ciwon gwiwarta, ya yi wa Pheko addu'a. Can ya gyara murya.

"Gobe yarinyar nan Tebello za ta nemi magana. Za mu ba ta, mu ba masu hana magana ba ne. Amma kin san yaran yanzu, baki ba linzami. Ga 'yan jarida, ga kowa da waya a hannu. In ta ɗan taɓa, ki taimaka mana."

"Yarinyar nan gaskiya za ta faɗa, Ntate."

"Wa ya ce ƙarya ce? Gaskiya ma tana da lokacinta, Mme. Ana kan dubawa." Ya miƙe yana gyara kwat. A bakin ƙofa ya waiwayo, ya sassauta murya. "Jam'iyya ba ta mantawa da nata. Kin ga yadda muka kai Ntate Pheko. Amma uwa ma, in ɗa ya kunyata ta a bainar jama'a, sai ta kau da kai."

"Na ji," in ji Manthati. Ta gane sarai abin da aka ɗora mata a kan sikeli.

Motar ba ta gama juyawa ba sai ga Limpho, maƙwabciyarta kuma abokiyar layin ɗinkinta a kamfani, ta leƙo.

"Ausi, 'yar'uwata, kada ki wahalar da bakinki, katangar nan ba ta da sirri. Za ki yi?"

"Limpho, in sun kore ni, wa zai rera mini?"

"Ke da kike nan garau kamar doki, kina zancen mutuwa! Mu da rai ma ba mu ci ba."

"Ba wasa nake ba."

Limpho ta dube ta, ta ga ba wasan. Sai ta ɗauki ledar kazar ta jinjina. "To ita kazar dai ba ta yi laifi ba. Kawo tukunya." Suka dafa, suka raba wa yaran maƙwabta da tuwon masara. Manthati ko romon ba ta iya kurɓa ba.

Ranar Lahadi filin ya cika maƙil. Manya suna kan rumfa a kujeru, matan jam'iyya sun jeru a gaba da bargunansu, Manthati a tsakiyarsu inda kowa zai gan ta. Matan kamfani suna baya a tsaye cikin iska, hannuwa a hammata. Aka yi addu'a, aka yi kirari, aka gabatar da wanda bai kamata a gabatar ba, sannan aka miƙa wa Tebello abin magana.

Yarinyar nan ba ta iya jawabi ba. Ta gai da manya sau biyu, ta manta abin da ta shirya. Wasu maza suka fara dariya. Sai ta ce, "Iyayena, ni dai tun da duhu nake fitowa a ƙasa, don in na hau mota ba za mu ci abinci ba."

Ntate Ralebitso ya taɓa hularsa.

Manthati ta ja numfashi, don jikinta ya saba, kafin ma ta yi tunani. Matan da ke gefenta suka ja nasu, suna jiranta. Sai ta dubi ƙafar Tebello. Takalmin roba ne, ya tsage ta gefe, an cusa takarda a ciki saboda sanyi. Irinsa ita ma Manthati ta sa shekarar da suka sauko daga dutse. Ta saki numfashin a hankali, ta rufe bakinta.

Ya sake taɓa hula. Ya cire ta ma ya mayar. Manthati ta yi kunnen uwar shegu, tana gyaran fil ɗin bargonta. Wata daga cikin matan jam'iyya, da ta ga abin zai lalace, ta yi ta maza ta ɗaga waƙar da kanta. Tsoro ya sa ta ɗauko ta can sama. Mutum biyu suka gwada binta suka shaƙe, sauran duk idonsu na kan Manthati, suka ga bakinta a rufe. Waƙar ta yi ƙiƙi ta mutu, filin ya yi tsit.

A cikin wannan shirun Tebello ta samu bakinta. Ta ce a kamfani sai ka roƙa kafin ka je bayan gida. Ta ce akwai matan da ke kwana su biyar a ɗaki ɗaya don haya. Ta ce wandon da take gogewa tun safe har yamma, ba ta taɓa iya saya wa ƙaninta ko ɗaya ba. Ta juya ga rumfa ta ce, "Ntate, kun zo ƙofarmu kun rantse. Mu ba mu zo ƙofarku ba, ku kuka zo tamu. Fitilar nan mu muka zuba mata mai, amma a ɗakinku kaɗai take ci." Ta miƙa abin magana, ta koma baya tana kuka, mata suka rungume ta.

Ntate Ralebitso ya karɓa, fuska a murtuke. Ya fara da haƙuri. Ya ce masu kamfani baƙi ne, in aka matsa musu za su kwashe kekunansu su tafi. Ya ce jam'iyya uwa ce. Mutane suna saurare, don har nan akwai abin ji. Sai zuciya ta ɗebe shi. Ya ce ya san masu zuga yajin nan, 'yan adawa ne suka saye su. Ya ce mace mai mutunci ba ta tsayawa a titi tana ihu. Ya nuna bayan fili da yatsa ya ce waɗanda aka kora su suka jawo wa kansu, kuma duk wadda ba ta koma aiki gobe ba, kada ta zo tana yi wa jam'iyya kuka.

Nan ne Manthati ta ɗaga.

Ba ta yi ihu ba, ba ta ma tashi tsaye ba. Waƙar nan ce dai mai sanyi da ya saba sa ta rera wa mutane, ta ajiye ta daidai inda kowa zai kamo. Matan kamfani suka amsa daga baya. Maza suka ɗora kauri. Abin da ya fi ba ta mamaki, matan jam'iyya da ke gefenta ma suka shiga, wasu don sun yarda, wasu don bakinsu ya riga tunaninsu. Ntate Ralebitso ya ƙara murya, lasifika ta yi ƙara, a banza. Ya dube ta, ta dube shi, tana rerawa. Wanzami dai ba ya son jarfa. Amma shi ma ɗan ƙasar nan ne, uwarsa a nan ta haife shi, ya san abin da ake yi. Ya tsaya jim, ya cire hula, ya motsa baki kaɗan tare da mutane, ya zauna.

Manthati ta ce a lokacin ji ta yi kamar an sauke mata buhun masara daga ka. Ta san ta rasa jana'izarta, ta kuma yi baƙin ciki, ba ta ɓoye ba. Amma ta taka har gida kanta a ɗage, ta gai da kowa a hanya, ta cinye ragowar tuwon jiya da sanyinsa.

Ba za a ce waƙa ta cika tukunya ba. Sai dai hoton babban mutum yana zama da hula a hannu ya zaga wayoyi har Maseru, babban birni, manyan jam'iyya kuwa ba abin da suka tsana kamar a yi musu dariya. Cikin makon suka tuna cewa suna da ƙafafu, suka zo suka zauna da masu kamfani da ƙungiyar ma'aikata. Aka yi ƙari ɗan kaɗan, wanda ba zai sa kowa ƙiba ba, amma ya isa mace ta hau mota ranar ruwan sama. Aka mayar da korarru, har da Tebello. A makon ne kuma aka aiko mata biyu su karɓi bargon Manthati. Sun zo suna sunkuyar da kai. Ta ninke musu shi da kyau, ta ba su shayi, ta raka su har bakin titi. Da ta dawo ta zauna a bakin gado ta daɗe tana kallon ƙusar da take rataye shi.

Bayan an koma aiki, wata rana da tsakar rana, mata sun fito ƙofar kamfani sun zazzauna a ƙasa suna cin abinci kamar kullum. Manthati tana buɗe kwanonta sai ta ji wata irin hayaniya daga bayan rumfar mai fanke. Waƙa ce, ko kuma abin da ya so ya zama waƙa. Ta kasa daurewa, ta rufe kwano ta nufi wurin. Ta tarar da Tebello da Limpho da 'yan matan sashen guga da na yankan yadi, sun yi da'ira, Tebello tana ɗagawa can sama suna shaƙewa.

"Kai, kai, kai! Wace akuya aka taka wa wutsiya a nan?"

Suka yi tsuru-tsuru. Limpho ta harare su. "Na gaya muku mu matsa nesa, kunnenta kamar na zomo."

"Me kuke koya haka da rana tsaka?"

Tebello ta dubi ƙasa, ta dubi Limpho, sannan ta ce, "Ta jana'izarki ce, Nkhono, kakarmu. Mme Limpho ta gaya mana. Mun ce tun daga ƙofar ɗakinki har Pitseng ba za ta yanke ba. Duk layukan ɗinki sun yarda, har 'yan kamfanin tsallake."

"Saboda haka kada ki kuskura ki mutu yanzu," in ji Limpho. "Kin dai ji yadda suke. Ki ba mu ko da shekara ashirin."

Manthati ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta fara dariya, dariyar ta juye ta zama hawaye, ta kama gefen bargon Pheko tana share ido. Hankalinta ya kwanta irin kwanciyar da bai yi ba tun ranar da aka binne mijinta. Sai ta fyace hanci, ta ture Limpho gefe, ta shiga tsakiyar da'irar.

"Haka za ku kai ni, kuna ƙiƙi, mutanen ƙauyenmu na kallo? Na rantse sai na tashi na karɓe. Ke Tebello, sauko da ita. Ƙara saukowa. Yauwa, nan, inda tsohuwa za ta iya kamowa."

Ta ɗaga musu, suka amsa.